Motar lantarki ta alfarma, ta hannu: wacce za ka saya, kuma me za ta riƙa ci maka bayan saye?

Duk mai leƙa tallan motocin hannu a 'yan shekarun nan ya ga abin da ke motsa zuciya. Ga Porsche Taycan, ga Mercedes EQS, ga Audi e-tron, motocin da shekara huɗu ko biyar da suka wuce sai wane da wane ke iya taɓawa, yau an sa musu kuɗin da bai wuce na sabuwar mota matsakaiciya ba. Kujerun fata kamar ba a taɓa zama a kai ba, fenti na sheƙi, ka taka ta cilla ba ƙara ba hayaƙi. Mutum ya ce ai wannan garaɓasa ce. Wani lokaci garaɓasar ce ta gaske, wani lokaci kuma rami ne aka rufe da ciyawa, kuma daga hoto ba ka iya bambance su.

Faɗuwar farashin tana da dalilai sanannu. A watan Janairun 2023 kamfanin Tesla ya zaftare kuɗin sababbin motocinsa, nan take na hannu suka biyo baya, na sauran kamfanoni ma ba su tsira ba. A Janairun 2024 kamfanin hayar motoci na Hertz ya sanar cewa zai sayar da motocin lantarki kusan 20,000 a Amurka, yana kukan tsadar gyara bayan hatsari. Ga kuma saurin ci gaban fasahar: motar da aka yi tinƙaho da ita a 2019, yau ƙaramar mota sabuwa ta fi ta nisan zango da saurin caji. Sai tsoron batir, wanda ke korar masu saye da yawa tun kafin su buɗe ƙofa.

Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne: kuɗin motar ne ya faɗi, kuɗin kayan gyaranta yana nan inda yake. Fitilar gaba ta Taycan ba ta san cewa motar ta yi araha ba. Ranar da ta fashe, kuɗin Porsche za ka biya. Haka allon EQS, haka balan-balan ɗin iska da ke ɗauke da e-tron. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, to kai ma ka shiga cinikin da sanin cewa ka sayi mota a farashin talaka amma ɗawainiyarta ta attajiri ce.

Gaskiya ne an sauke maka kaya mai yawa. Babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu salansa, babu kuloci, babu famfon mai, babu bel ɗin da zai tsinke ya lalata inji. Injin lantarki abu ne mai sauƙin gini, kuma yakan daɗe. Amma motar alfarma ba inji kaɗai ba ce. Akwai ƙafa mai aiki da iska, akwai kwamfutoci birjik, akwai ƙofofi da kujeru da madubai masu motsi da kansu, akwai bututan ruwan sanyaya da ke zagaya batir da inji, akwai kwamfuresan esi wanda a nan ba kai kaɗai yake sanyayawa ba, har da batirin. Waɗannan su ne ke kai mota gareji.

Maganar batir kashi biyu ce, kuma mutane kan cakuɗa su. Na farko tsufa ne, wato raguwar abin da batir ke iya riƙewa sannu a hankali. Wannan bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Kamfanin Geotab, mai bibiyar dubban motocin aiki, ya gano cewa raguwar tana kusan kashi 2 cikin 100 a shekara. Tesla kuma ya ce batiran Model S da Model X kan rasa kimanin kashi 12 cikin 100 bayan mil 200,000, wato kusan kilomita 320,000. Ko ka ce mai kaya ne ke yabon kayansa, abin da ake gani a tsofaffin motocin da suka yi aikin tasi bai yi nisa da haka ba. Duk motocin da zan ambata da ruwa ake sanyaya batirinsu, ba kamar tsohuwar Nissan Leaf mai dogaro da iska ba, wadda ita ce ta fi ɓata wa motocin lantarki suna a wurare masu zafi.

Abin da ke gaggauta tsufan sananne ne: zafi, da barin mota cike fal ko a ƙarare na kwanaki, da yawan cajin gaggawa. Mota biyu masu shekaru ɗaya da kilomita ɗaya za su iya bambanta sosai saboda halin masu su.

Kashi na biyu shi ne lalacewa, kuma shi ne abin tsoro. Batirin mota ƙwayoyi ne masu yawa da aka jera cikin akwatuna. Na Jaguar I-Pace ƙwaya 432 ne cikin akwati 36, na Taycan babba ƙwaya 396 cikin akwati 33, na tsohuwar Model S 85 kuwa ƙananan ƙwayoyi 7,104 cikin akwati 16. Idan ƙwaya ɗaya ta fito daga masana'anta da aibi, ko ruwa ya sami hanyar shiga, motar za ta iya tsayawa cik alhali sauran batirin lafiyarsa lau. Inda ake da gwanin da zai sauke batir ya buɗe ya canza akwati ɗaya, abin da sauƙi. Inda ba shi, sai a ce maka a canza gaba ɗaya, kuma a tsohuwar mota wannan kuɗi kan kusanci darajar motar kanta.

Shi ya sa ranar da aka fara rajistar mota ta fi launinta da girman tayoyinta muhimmanci. Yawancin kamfanoni suna ba da garantin batir na shekara 8 ko kilomita 160,000, duk wanda ya riga zuwa, tare da alkawarin ba zai sauka ƙasa da kashi 70 cikin 100 ba. Tesla yana ba Model S shekara 8 ko kilomita 240,000 tun daga 2020, kuma ya haɗa da injin a ciki. Mercedes ya ba EQS shekara 10 ko kilomita 250,000. Ka yi lissafi da yatsu: motar 2019 kariyarta na ƙarewa a 2027, ta 2021 a 2029, EQS ta 2021 kuwa sai 2031. Kuma ka karanta takardar da kyau. Garantin batir bai rufe cajar da ke cikin mota ba, bai rufe hita ba, bai rufe esi ko ƙafa ko allo ba. Garantin da ya rufe waɗannan yawanci ya daɗe da ƙarewa kafin motar ta iso hannunka.

Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, mu fara da babbar yaya.

Tesla Model S ta fito a 2012, kuma sunan ɗaya ne amma motocin sun kai kashi uku. Na farkon, daga 2012 zuwa wajen 2016, su ne mafiya araha, su ne kuma mafiya hatsari ga aljihu. Garantinsu ya ƙare ƙaf. Babban injin baya na wannan zamani yana da wata roba da ke hana ruwan sanyaya shiga ciki, idan ta gaji ruwa ya ɗiga, sai tsatsa ta ci injin da na'urar da ke sarrafa wutarsa. Hannun ƙofa mai fitowa da kansa in ka matso, wanda ya burge kowa a lokacinsa, yana da ƙaramin haƙori da wayoyi a ciki da ke karyewa. Za ka tsaya a gaban motarka hannun ya ƙi fitowa, ko ya fito ka ja ƙofa ta ƙi buɗuwa. Sai babban allo. A motocin da aka ƙera kafin Maris na 2018, ma'adanar bayanai ta gigabait 8 da ke cikinsa takan gaji da rubutu ta mutu, allo ya yi baƙi, ka rasa kyamarar baya da hanyar kunna abin goge raɓar gilashi. A Fabrairun 2021 aka yi wa motoci kusan 135,000 kiranye a Amurka saboda wannan, wato kamfani ya kira masu su su kawo a gyara musu kyauta. Idan za ka sayi irinta, ka tambaya ko an canza, kuma ka nemi shaida.

Daga Afrilun 2019 an sabunta injin gaba da ƙafar, motar ta ƙara nisan zango, a 2021 kuma aka sake cikinta gaba ɗaya. Waɗannan su ne Model S da zan iya ba mutum shawara a kansu hankali kwance. Alherin Tesla shi ne an daɗe ana yin ta, an san ciwonta, kanikawa masu zaman kansu sun ƙware a kanta fiye da kowace motar lantarki ta alfarma, kuma kayan da aka cire daga waɗanda suka yi hatsari suna samuwa. Ba ta neman sabis na shekara-shekara. Tana tattalin wuta fiye da kishiyoyinta na Jamus da Ingila na zamaninta. Rauninta shi ne haɗin jiki: ƙararrakin ciki, robobin ƙofa, hannuwan ƙafar gaba masu ƙugi. Wanda ya saba da shirun Mercedes zai ji bambancin tun a kilomita na farko. Ƙanwarta Model X kuwa, da ƙofofinta masu ɗagawa sama kamar fiffike, ƙarin abin lalacewa ne a kan duk waɗannan, kuma in ba kana da buƙatar kujeru shida ko bakwai ba, ban ga dalili ba.

Jaguar I-Pace tana ba ni tausayi, domin mota ce mai daɗin tuƙi ƙwarai, mai kyan sura, ta kuma ci kyautar motar shekara ta duniya a 2019. An ƙera ta a birnin Graz na Ostiriya daga 2018, batirinta kilowat-awa 90, wato ma'aunin yawan wutar da batir ke iya riƙewa. Amma batirin nan shi ne ya zame mata jarraba. A 2023 aka yi mata kiranye saboda hatsarin gobara, aka sa manhajar da ke sa ido a kan batir, daga baya aka shawarci wasu masu ita kada su wuce kashi 80 wajen caji kuma su ajiye ta a waje nesa da gini. A ƙarshen 2024 kamfanin ya amince ya sayi motoci 2,760 'yan 2019 daga hannun masu su a Amurka. A shekarar kuma aka daina ƙera ta. Cajinta na gaggawa bai wuce kusan kilowat 100 ba, abin da ya zama tafiyar hawainiya a yau. Tana cikin mafiya araha a jerin nan, kuma arahar ba banza ba. Wanda ya nace sai ita, ya nemi ta 2021 zuwa sama, mai cikakken tarihin kiranye a rubuce, kuma ya tabbata akwai wakilin kamfanin kusa da shi. In babu wakili, ya haƙura.

Audi e-tron, wadda aka fara ƙerawa a Brussels a 2018, akasin Tesla ce. Jikinta a haɗe yake tsam, cikinta shiru kamar ɗaki, maɓallanta na motar da ka saba da ita ne. Batirin babbar kilowat-awa 95 ne, amma nauyinta ya kai tan biyu da rabi, don haka tana shan wuta kamar raƙumi a bakin rijiya: gwajin Amurka ya ba 'yar 2019 mil 204 kacal a caji ɗaya, kusan kilomita 330. Abin da ke fanshe ta shi ne caji. Tana karɓar kilowat 150 ta riƙe shi har kusan kashi 80, cikin rabin awa ka kama hanya, alhali wasu motocin kan fara da ƙarfi su yi sanyi tun a rabi.

Ciwonta biyu ne da ya kamata ka bincika. Akwai irin matsalar tsohuwar Tesla, ta ruwan sanyaya da ke ratsa roba ya shiga inji. Akwai ɗan ma'ajin da ke tara ɗigon, wanda ake dubawa a lokacin sabis, kuma motar da aka yi wa sakacin sabis ita ce ke ƙarewa da canjin inji. Akwai kuma kiranyen batir, na 2019 kan shigar danshi, da na baya kan wasu akwatunan ƙwayoyi masu aibi. Daga 2023 sunanta ya koma Q8 e-tron da batir mafi girma, a Fabrairun 2025 kuma aka rufe masana'antar Brussels. Ga mai iyali da tafiyarsa ba ta wuce kilomita 150 a rana, mai caji a gida, e-tron mai tsaftataccen tarihi mota ce mai kwantar da rai. Ga mai dogon zango kullum, za ta gajiyar da shi.

Porsche Taycan, ta 2019, ita ce wadda zuciya ke so. Ita ta fara kawo tsarin bolt 800 kasuwa, tana karɓar caji har kilowat 270, daga kashi 5 zuwa 80 cikin minti 22 da rabi idan caja da zafin batir sun dace. Tana da giya biyu a baya, abin da kusan babu a sauran motocin lantarki. A kan hanya mai lanƙwasa babu wadda ta kama ƙafarta cikin waɗannan. Amma ka kalli tarihinta: kiranyen motoci kusan 43,000 a 2021 saboda manhajar da ke sa mota ta ɗauke wuta tana cikin tafiya, kiranyen batir daga 2023, kiranyen bututun birkin gaba a 2024 wanda ya shafi kusan duk waɗanda aka ƙera kafin lokacin. Hitarta ma ta yi ƙaurin suna wajen mutuwa. Duk wannan kamfani ya ɗauki nauyin mafi yawansa, amma motar kan yi makonni a gareji tana jiran kaya.

Ni a ganina Taycan ba a sayenta tsirara. Ko dai ta zo da ƙarin garanti na kamfanin da ake sabuntawa duk shekara, ka sa kuɗinsa cikin lissafinka kamar inshora, ko kuma ka bar ta. Tayoyinta faffaɗa ne, na baya sun fi na gaba girma, ba a musanya su. Idan kuma ka haɗu da mai birkin yumɓu, wanda ake ganewa da maƙallin birki mai launin ruwan ɗorawa a bayan taya, ka sani canjin faifansa kaɗai zai iya sayen wata ƙaramar mota.

Mercedes EQS ta 2021 ta fi su duka nisan zango: batir mai kusan kilowat-awa 108, jiki mai santsi ga iska, sama da kilomita 700 a gwajin Turai. Tana kuma cikin waɗanda darajarsu ta fi rugujewa, domin masu S-Class da aka yi ta dominsu ba su karɓi surarta ba. Ga mai sayen ta hannu wannan dama ce, ga kuma garantin shekara 10. Damuwata da ita yawan kaya ne. Tayoyin baya masu juyawa, ƙafar iska, hannuwan ƙofa masu ɓuya, da allon gilashi mai faɗin santimita 141 a wasu samfuran, wanda idan ya tsage ba ɓangare ake canzawa ba. Shekarunta ba su yi yawan da za a ga yadda waɗannan za su tsufa ba.

Na bar BMW i4 a ƙarshe saboda ita ce mafi ƙarancin ƙyale-ƙyale, kuma wannan shi ne darajarta. An gina ta ne a kan jikin 4 Series mai shan fetur, a masana'anta ɗaya a Munich, daga 2021. Ma'ana ƙofa, gilashi, fitila, da yawancin kayan ƙafar gaba duk abubuwa ne da mai gyaran BMW ya riga ya sani. Samfurin eDrive40 inji ɗaya ne a baya, batir kusan kilowat-awa 84, caji har kilowat 205, iska kuma a ƙafar baya kaɗai take. Ba ta kai Model S fili ba, kujerar baya a matse take ga dogon mutum, kuma ba wanda zai juyo ya kalle ka. Amma inji ɗaya maimakon biyu, da nauyi ƙasa da na e-tron, da garantin da ya kai aƙalla 2029, duk kuɗi ne da ke zama a aljihunka.

To, ɗawainiyar yau da gobe fa? Lissafin wuta mai sauƙi ne, kowa zai iya yi da farashin inda yake. Babbar motar lantarki tana cin tsakanin kilowat-awa 18 da 25 a kilomita 100. Ɗauki 22, ka ce kana tafiyar kilomita 15,000 a shekara: kilowat-awa 3,300 ke nan, ka ƙara kusan kashi 10 cikin 100 da ke salwanta wajen caji, ya zama wajen 3,600. Takwararta mai shan lita 10 a kilomita 100 za ta sha lita 1,500. Ka ninka kowanne da farashinsa ka gani. Amma ka yi lissafin sau biyu, ɗaya da kuɗin wutar gida, ɗaya da na cajar gaggawa ta kan hanya, wadda a ƙasashe da yawa ta ninka ta gida sau biyu ko uku. A lissafi na biyu ribar takan narke kusan gaba ɗaya. Wanda ba shi da wurin caji a gida ko wurin aiki, da wuta mai tsayawa, ya cire rabin dalilin sayen motar. Cajar bango ta kilowat 7 tana buƙatar kusan awa 13 kafin ta cika batirin kilowat-awa 90 daga ƙasa, ta kilowat 11 kuma awa 8 zuwa 9, kuma sai ma'aikacin lantarki ya duba ko wayoyin gidan za su ɗauka.

Taya ita ce baƙin man motar lantarki, wato kuɗin da ba ka tsallakewa. Nauyi da ƙarfin fizga suna cinye ta da wuri, kuma dole ka sa mai lambar ɗaukar nauyi daidai. Tsakanin mota mai rim 19 da mai 21 ko 22, ka zaɓi ƙaramin: tayarsa ta fi araha, ta fi jure rami, kuma mota ta fi nisa da shi. Birki kuwa labarinsa daban. Da yake inji ne ke rage gudu yana mayar da wuta cikin batir, takalmin birki yakan daɗe sosai, amma rashin aiki kan sa faifan ya yi tsatsa, maƙallin ya ƙage. Za ka ga mota mai kilomita kaɗan tana buƙatar sababbin faifai huɗu, ba don sun cinye ba, don sun ruɓe.

Inshora ka tambayi kuɗinta kafin ka biya kafin alƙalami, ba bayan nan ba. Model S da I-Pace jikinsu alminiyom ne, ba kowane mai gyaran bodi ke iya taɓa shi ba. Kuma batir a ƙasan mota yake shimfiɗe. Dutse ko tudun hanya ya lotsa murfinsa, sai kamfanin inshora ya ga gara ya biya kuɗin motar ya huta. Wannan ne ke ɗaga farashin. Akwai kuma ƙaramin batirin bolt 12, irin na kowace mota, wanda shi ke tashin kwamfutoci ya buɗe wa babban hanya. Idan ya mutu, ko babban yana cike motar ba za ta motsa ba, wani lokaci ko ƙofa ba za ta buɗu ba. Shi ne kan gaba wajen kiran janwe, kuma janwen ma sai mai ɗaukar mota a bayansa, domin ba a jan waɗannan motoci tayoyinsu na birgima a ƙasa.

Idan motar daga wata ƙasa aka shigo da ita, akwai ƙarin tambayoyi. Garanti sau da yawa ba ya ƙetare yankin da aka fara sayar da mota. Bakin caji ba iri ɗaya ba ne: na Turai daban, na Amurka daban, na Sin daban, kuma abin haɗi ba koyaushe yake ba da cikakken gudu ba. Motar da inshora ta taɓa rubutawa a matsayin wadda ta lalace, Tesla kan rufe mata cajin gaggawa a tashoshinsa har sai an bincika ta. Wadda ambaliya ta taɓa kuwa, ko kyauta aka ba ka kada ka kai ta kusa da gidanka. Sannan tambayar da ta fi duk waɗannan: wa zai gyara? Aiki a kan bolt 400 ko 800 yana kisa, ba na mai koyo ba ne. Kafin ka zaɓi mota, ka zaɓi garejin, ka je ka ga na'urar bincikensu da idonka, ka tambaye su batir nawa suka taɓa saukewa.

Da ni ne mai saye, ga yadda zan jera. Mai son kwanciyar hankali, wanda motar ita ce ƙafarsa ɗaya tilo, i4 mai inji ɗaya. Mai dogon zango da ke zaune inda tashoshin Tesla suke, Model S ta 2019 zuwa sama. Mai iyali da gajerun tafiye-tafiye, e-tron wadda aka yi wa duk kiranyenta. EQS ga wanda zai iya ajiye kuɗi a gefe don allo da ƙafa. Taycan sai da ƙarin garanti. I-Pace da Model S ta farko kuwa na masu wata motar ne a gida, masu haƙuri, waɗanda suka san bakanike da sunansa. Kuma tsakanin babbar mota mai saura shekara ɗaya a garanti da ƙaramarta mai saura huɗu, a kuɗi ɗaya, ta biyun zan ɗauka ko da zuciyata na kan ta farkon.

Kowacce ka zaɓa, kada ka yi cinikin biri a sama. Na taɓa raka wani aminina duba irin wannan mota. Mai ita ya kunna, ya nuna mana adadin kilomitan da allo ya ce za ta yi, yana murmushi. Wannan adadi hasashe ne kawai daga yadda aka tuƙa ta a kwanakin baya. Ka lallaɓa ta na kwana uku sai ya hau. Muka roƙe shi ya bari a jona na'urar bincike a ramin da ke ƙarƙashin sitiyari. Ta nuna lafiyar batir kashi 89, abin da ya yi daidai da shekarunta, kuma tazarar ƙarfin wuta tsakanin ƙwayoyin ƙanƙanuwa ce, babu akwatin da ya ja baya. Muka kai ta cajar gaggawa da batir a kusan kashi 15, muka tsaya muna kallon yadda take karɓa, muna sauraren fankoki da kwamfuresa sun tashi. Muka gwada caji na gida ma, domin hanyarsa daban ce a cikin mota. Muka sa lambar shasi a shafin kamfanin, kiranye ɗaya ya rage ba a yi ba.

Sai aminin nawa ya durƙusa ya zura hannu ta bayan tayar baya. Daga waje zanenta kamar sabuwa, ta ciki kuwa ta side sumul har zare ya fara leƙowa, duka biyun. Faifan birki ya yi jawur, da kurji a gefensa. Muka ce a bar motar a inda take kada a taɓa ta, muka auna tsakanin taya da bodi a kusurwa huɗu, muka rubuta a takarda. Da muka dawo washegari da safe, ɓangaren baya na hagu ya sauka da kusan yatsu biyu: balan-balan ɗin iska na yoyo. Ya zauna ya haɗa kuɗin taya huɗu, da faifai, da balan-balan biyu tunda ba a canza ɗaya a bar ɗan'uwansa, da saita ƙafa, ya nuna wa mai motar takardar. Suka yi ta ja har la'asar, aka rage kusan duk abin da ya lissafa, sannan ya ce sai an kai ta an yi kiranyen da ya rage kafin ya biya sauran kuɗin.